LISSAFIN UWA DA 'YA: Bayani Ga Hakimai Da Malamansu Kan Kamfanin Da Ke Hannun Wani Kamfani

An rubuta wannan ɗan littafi ne domin hakimai da malamansu, musamman na ƙasar Madobi da maƙwabtanta Kura da Bunkure da Garun Malam, inda noman rani ya jawo kamfanoni har ƙofar gida. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ruwa ya bi magudanai ya shiga gonakin Kadawa da kewaye, shinkafa da alkama da tumatir suka zama kayan ciniki na miliyoyin naira. Inda amfanin gona ya yi yawa kuwa, can masu injin casa da masu injin niƙa da 'yan sari su ke tururuwa. A 2016 ma an buɗe masana'antar tumatir ta gidan Dangote a Kadawa. Da yawa daga cikin manyan kamfanonin da ke zuwa ba su kaɗai su ke tsaye ba. Akwai wani kamfani a bayansu wanda ya mallake su, ko dai gaba ɗaya, ko kuwa wani yanki.

Maganar nan tana zuwa gaban hakimi ta fuskoki dabam dabam. Wata rana wakilin kamfani ne zai zo neman fili, riƙe da littafi mai ƙyalli cike da alƙaluman biliyoyi. Wata rana manoma ne za su kawo kuka, sun ba da shanshera bashi, wata uku ba a biya su ba. Wata rana kuma magada ne, mahaifinsu ya rasu ya bar hannun jari a wani injin casa, suna so su ji ko injin zai shiga rabo. Duka ukun nan, amsarsu tana rataye da wani irin littafin kuɗi wanda a ke kira haɗaɗɗen lissafi. Amma fa ba ya amfanar kowa sai wanda ya san abin da littafin ya ke faɗi, da abin da ba ya faɗi.

Uwa, 'ya, da reshe

Idan kamfani ya sayi hannun jari a cikin wani kamfani har ya kai ga shi ke juya shi, na farkon shi za mu kira uwa, na biyun kuwa 'ya. Uwa da 'ya'yanta duka, idan aka tara su, su ne rukuni. Kada a rikita 'ya da reshe. Reshe ofis ne kawai ko shago na kamfani ɗaya, kamar yadda banki ya ke da reshe a Kura da wani a Kano. Bashin reshe bashin banki ne, ba wata jayayya. 'Ya kuwa kamfani ce cikakkiya, da sunanta da lambarta a Hukumar Rajistar Kamfanoni, da daraktocinta, da littafin kuɗinta. Ko da uwa ta mallake ta ɗari bisa ɗari, a idon doka mutum biyu ne.

Wannan hukunci ya samo asali ne daga wata shari'a da aka yanke a Ingila a 1896. Wani mai sana'ar takalma, sunansa Salomon, ya mai da sana'arsa kamfani, kusan dukan hannun jarin yana hannunsa. Da kamfanin ya karye, masu bin bashi suka nemi a biya su daga dukiyar Salomon kansa. Babbar kotun ƙasar ta ce a'a, kamfani dabam, mai kamfani dabam. Dokar kamfanoni ta Nijeriya ta gaji wannan ƙa'ida, kuma tana nan cikin dokar da aka sa wa hannu a watan Agusta na 2020, wadda ta maye gurbin ta 1990. Kotu takan ɗage wannan shamaki idan ta tabbata an kafa 'yar ne domin zamba, amma ba kasafai ba, kuma ba abin da manomi zai dogara da shi ba ne ranar da ya ke auna buhu.

To, tun da ya ke kowane kamfani yana da nasa littafi, me ya kawo haɗawa? Abin da ya kawo ta shi ne, littafin uwa shi kaɗai yana iya ɓoye gaskiya ba tare da an rubuta ƙarya ko ɗaya ba. A cikinsa 'ya ba ta fitowa sai a layi guda: hannun jari a kamfani kaza, an saya kan kuɗi kaza. Ko 'yar ta ci bashin da ya fi ƙarfinta, ko ta shekara biyar tana hasara, layin nan yana iya zama yadda ya ke. Kamfanin ƙarfe na Amurka mai suna United States Steel yana cikin na farko da suka buga haɗaɗɗen lissafi, a rahotonsu na shekarar 1902. Mutanen Ingila sun yi jinkiri, sai da suka ga abin da ya faru ga rukunin jiragen ruwa na Royal Mail, inda aka yi shekaru ana biyan masu jari daga tsohon ajiya alhali ciniki hasara ya ke yi. A 1931 aka yanke wa shugabansa, Lord Kylsant, ɗaurin wata 12 saboda takardar neman kuɗi da ta yaudari jama'a. Dokar kamfanoni ta Ingila ta 1948 ta wajabta wa uwa ta fito da lissafin rukuni. Nijeriya kuwa, ban da dokarta ta kamfanoni wadda ta wajabta haka, ta karɓi ƙa'idodin lissafi na duniya da a ke kira IFRS, manyan kamfanoni suka fara aiki da su daga Janairu 2012. Ƙa'ida mai lamba 10 a cikinsu, wadda ta fara aiki a 2013, ita ce ta haɗaɗɗen lissafi.

Ma'auninta iko ne. Ana cewa uwa tana da iko idan ita ke yanke shawarar manyan al'amuran 'ya, kuma riba ko hasarar 'yar tana taɓa ta, kuma tana iya amfani da matsayinta ta ƙara ribar ko ta rage ta. Galibi wanda ya riƙe fiye da rabin ƙuri'u shi ke da iko, domin shi ke naɗa daraktoci. Amma mai kashi 45 cikin 100 yana iya zama mai iko idan sauran sun warwatsu a hannun dubban mutane da ba sa haɗuwa, haka kuma mai kashi 60 yana iya rasa iko idan kotu ta danƙa kamfanin a hannun wani domin biyan basussuka. An tsananta wannan ma'auni ne bayan irin abin da ya faru ga kamfanin Enron na Amurka, wanda ya karye a 2001 bayan ya jibge basussukansa a wasu ƙananan kamfanoni da ya ke juyawa amma ba ya haɗa su cikin lissafi.

Misali da alƙaluma

Ga misali, ƙirƙira shi aka yi domin koyo, ba labarin wani kamfani ba ne. A ce akwai injin casar shinkafa a ƙasar Madobi, mallakar wata ƙungiyar manoma, an yi masa rajista a matsayin kamfani. Wani kamfanin 'yan kasuwa na Kano ya zo ya sayi kashi 60 cikin 100, manoma suka riƙe kashi 40. Ranar ciniki aka ƙiyasta dukiyar injin bisa darajarta ta wannan rana:

Gini da inji, naira miliyan 80
Shinkafa a sito, naira miliyan 30
Kuɗi a banki, naira miliyan 10
Jimla, naira miliyan 120
A cire bashin da a ke bin kamfanin, naira miliyan 20
Saura, naira miliyan 100

Kashi 60 na miliyan 100 miliyan 60 ke nan. Amma 'yan kasuwan nan miliyan 75 suka biya. Ina miliyan 15 ta tafi? Sun biya ta ne domin abin da ba a iya taɓawa da hannu: injin ya yi suna a kasuwar Kura, manoma sun saba kai masa kaya, ma'aikatansa sun ƙware. Wannan rara ita za mu kira kuɗin suna. Ana rubuta ta cikin haɗaɗɗen lissafi tamkar kadara, kowace shekara kuma a duba ko har yanzu sunan ya kai wannan kuɗi. In bai kai ba a rage shi, ragin ya zama hasara. Malami ya lura da wannan layi ƙwarai, gama kuɗin suna ba ya sayuwa shi kaɗai, kuma ranar da kamfani ya karye shi ke fara zama iska.

Yanzu a ce ita uwar, bayan ciniki, tana da dukiyarta ta miliyan 200, ga hannun jarin nan na miliyan 75, ana bin ta bashin miliyan 50. Watau abin da ya rage wa masu ita miliyan 225. Wajen haɗawa, sai a goge layin nan na miliyan 75, a sa ainihin dukiyar 'ya a madadinsa. Nan ne mai koyo ya kan yi tuntuɓe, domin hankali yana ba shi a ɗauko kashi 60 na kowane abu. Ba haka a ke yi ba. Ana ɗauko dukiyar 'ya dukanta, da bashinta dukansa, saboda uwa tana juya injin gaba ɗayansa ne, ba ta juya kashi 60 na injin ta bar saura yana barci. Ga yadda zai fito:

Dukiyar uwa, naira miliyan 200
Dukiyar 'ya, naira miliyan 120
Kuɗin suna, naira miliyan 15
Jimla, naira miliyan 335
A cire bashin uwa da na 'ya, naira miliyan 70
Saura, naira miliyan 265

Daga nan sai a raba sauran nan gida biyu. Miliyan 225 ta masu uwa ce. Miliyan 40 kuwa ta manoma ce, watau kashi 40 na miliyan 100. Wannan layi na biyu shi ne rabon marasa iko, waɗanda a da a ke kira 'yan tsiraru. Akwai wata hanya da ƙa'ida ta yarda da ita, inda a ke ƙiyasta rabon marasa iko bisa abin da hannun jarinsu zai yi a kasuwa, sa'an nan kuɗin suna ya ƙaru gwargwado. Kamfani yana faɗin wadda ya bi a cikin bayanan da ke bayan littafi.

Wanda ya san gandu ba zai sha wuyar gane wannan ba. Idan baƙo ya shiga gida ya ƙirga rumbuna goma sha biyu, ya san ƙarfin gidan. Amma in uku daga ciki na gayaunar 'ya'ya ne, maigida ba zai iya sayar da su ya biya bashinsa ba, ko da ya ke a ƙarƙashin inuwarsa su ke. Haɗaɗɗen lissafi ƙirgen rumbunan gida ne duka. Layin marasa iko shi ke nuna rumbunan da ba na maigida ba.

Cinikin cikin gida

Shekara ta zagayo. Injin ya sayar da shinkafa ta miliyan 150, ya kashe 130, ya ci ribar miliyan 20. Uwa ta yi nata ciniki na miliyan 400, ta ci ribar miliyan 50. Mai gaggawa zai ce cinikin rukuni miliyan 550 ne, riba kuwa 70. Amma cikin shinkafar da injin ya sayar, ta miliyan 90 uwa ce ta saya. Wannan ba ciniki ba ne a wurin rukuni, kaya ne ya tashi daga wannan ɗaki ya koma wancan. In an bar shi, za a ƙirga buhu ɗaya sau biyu, ranar da ya bar Madobi da ranar da ya bar siton Kano. Saboda haka a ke soke shi, cinikin rukuni ya tsaya miliyan 460. Haka a ke yi da bashi: in 'ya tana bin uwa kuɗi, a littafin haɗe ba ya fitowa ko kaɗan, domin mutum ba ya bin kansa bashi.

Akwai saura. A ce ranar rufe littafi, sulusin shinkafar nan, ta miliyan 30, tana nan jibge a siton uwa ba a sayar ba, alhali injin miliyan 25 ya kashe a kanta. Injin ya riga ya rubuta ribar miliyan 5, amma ba wani baƙo da ya biya ko kwabo. Riba ce wadda ba ta fita gida ba, sai a cire ta har ranar da aka sayar wa na waje. Ribar rukuni ta zama miliyan 65. Tun da ya ke 'ya ce ta sayar, ragin a kan ribarta ya ke, watau 20 ta koma 15. Manoma suna da kashi 40 na 15, miliyan 6 ke nan. Masu uwa suna da miliyan 59. A haɗa a ga 65.

Kada manomi ya ji an ce rabonsa miliyan 6 ya ɗauki jaka ya nufi ofis. Rabon riba a takarda dabam ya ke da abin da za a danƙa masa. Daraktoci ne ke ba da shawarar abin da za a raba, taron masu jari ya amince, su kuwa daraktocin mai rinjaye ne ya naɗa su. In aka ce a raba miliyan 10, uwa ta ɗauki 6, manoma 4, saura ya zauna cikin kamfani. In aka ce bana ba rabo, za a sayi sabon inji, manoma ba su da ko sisi a hannu, ko da ya ke darajar rabonsu ta ƙaru. Idan kuwa hasara aka yi, a ce ta miliyan 20, rabonsu ya ragu da miliyan 8, amma ba za a bi su gida a ce su ciko ba, muddin sun riga sun biya kuɗin hannun jarinsu cikakke.

Yanzu ga wurin da ya fi kowane muhimmanci, kuma ra'ayinmu shi ne yawancin rigimar da za ta zo gaban hakimi daga nan za ta ɓullo. Uwa ita ce mai saye, ita ce kuma mai juya mai sayarwa. Wa zai yanka farashi? A ce ta umarci injin ya rage mata farashi, abin da zai sayar mata miliyan 90 ya sayar 80. Ribar injin ta ragu da miliyan 10, ribar uwa ta ƙaru da miliyan 10. A haɗaɗɗen lissafi jimlar riba ba ta motsa ba, tun da ya ke cinikin gida sokewa a ke yi. Amma kowace naira da ta tashi daga littafin 'ya ta koma na uwa, manoma sun yi hasarar kwabo 40 a cikinta. Miliyan 4 ta bar hannunsu ba wanda ya fasa ƙofa. Hanyoyin yin haka suna da yawa: a ɗora wa 'ya kuɗin kulawa duk wata, a ba ta hayar motocin uwa da tsada, a ba ta rance da ruwa mai nauyi, ko a kwashe kuɗinta na banki a ce rance ne ga uwa ba ruwa. Ba kowace uwa ke yin haka ba, kuma wani lokaci ragin yana da dalili, misali in uwa tana saye da yawa tana biya nan take. Amma mai kashi 40 da ya tsaya kan haɗaɗɗen littafi kaɗai, ba zai taɓa ganin abin ba, sai dai ya ga layin rabonsa ya rame bai san dalili ba.

Maganin wannan yana cikin littafin 'ya na kanta. Ƙa'idar lissafi ta wajabta wa kowane kamfani ya bayyana cinikin da ya yi da danginsa, uwa ce ko 'yan'uwa ko daraktoci: nawa aka saya, nawa aka sayar, nawa a ke bi. Bayanin yana can baya, cikin ƙananan rubutu, inda mutane ba su cika kaiwa ba. Malami ya nemo shi, ya gwada farashin da aka sayar wa uwa da wanda a ke sayarwa a kasuwa a wannan mako. Doka kuma ba ta bar marasa iko hannu rabbana ba. Manyan shawarwari, kamar sāke tsarin kamfani ko sunansa, suna bukatar kashi uku cikin huɗu na ƙuri'un da aka jefa, saboda haka mai kashi 40 yana iya tsai da su in ya halarci taro. Mai jari kuma yana da ikon kai ƙara Babbar Kotun Tarayya idan ana tafiyar da kamfani ta hanyar da ta zalunce shi. Malaman Malikiyya sun daɗe da shar'anta cewa masu tarayya cikin dukiya su raba riba gwargwadon abin da kowa ya zuba, don haka maganar ba baƙuwa ba ce a zauren hakimi. Hanyar karkatar da ribar ce kawai sabuwa.

Abin da ya faru a zahiri

Ba sai an je nesa ba. A unguwar masana'antu ta Bompai a Kano akwai kamfanin niƙa mai suna Northern Nigeria Flour Mills, wanda aka kafa a 1971. Shekaru da yawa kamfanin Flour Mills of Nigeria, wanda aka kafa a 1960 da babban injinsa a Apapa ta Ikko, ya riƙe kusan kashi 53 cikin 100 na hannun jarinsa, saura yana hannun wasu masu jari. Da wannan ɗan rinjaye a kan rabi, dukan cinikin injin Bompai da dukiyarsa da bashinsa suka riƙa shiga haɗaɗɗen lissafin Ikko, a ware wa sauran masu jari layinsu a ƙasa. Duk da haka kamfanin na Kano ya ci gaba da buga nasa littafi da kiran nasa taro. A 2022 Flour Mills ya sayi kashi 76.75 na kamfanin Honeywell Flour Mills, wanda a da abokin gasarsa ne. Daga ranar da iko ya koma hannunsa cinikin Honeywell ya fara shiga lissafinsa. Wanda ya gwada jimlar ciniki ta wannan shekara da ta bara zai ga ta yi tsalle, amma wani yanki na tsallen saye ne aka yi, ba ƙaruwar kasuwa ba.

Ita ma uwar tana da uwa. Mafi yawan hannun jarin Flour Mills yana hannun wani kamfani mai suna Excelsior Shipping, kuma a ƙarshen 2024 aka sayi rabon sauran masu jari kan naira 86 kowane hannu, aka fitar da kamfanin daga kasuwar hannun jari. Wannan yana koya mana abu biyu. Matakala tana iya yin hawa uku ko huɗu, kuma a kowane hawa rabon na sama yana raguwa: mai kashi 60 na kamfanin da ke da kashi 60 na wani, kashi 36 kaɗai ya mallaka na na ƙasan, amma shi ke juya shi. Sa'an nan zaman mara iko ba dawwamamme ba ne, ana iya sayen rabonsa ta hanyar da doka ta tsara idan masu jari suka jefa ƙuri'a kotu kuma ta amince.

Haka kamfanin siminti na Dangote ya riƙa haɗa kamfaninsa na Afirka ta Kudu dukansa cikin lissafi, da kashi 64 a hannunsa, kashi 36 kuwa na kamfanin Sephaku Holdings na can ƙasar.

Idan rabon bai kai na iko ba, ba a haɗawa. Mai kashi 20 zuwa 50, wanda ke da baki cikin shawara amma ba shi ke yankewa ba, layi ɗaya ya ke rubutawa, ya riƙa ƙara masa rabonsa na riba ko ya rage na hasara kowace shekara. Wanda ya gaza haka kuwa jari ne kawai ya zuba, kamar kashi 7.2 da aka bayyana a 2024 cewa kamfanin mai na ƙasa, NNPC, yana da shi a matatar Dangote.

Idan magana ta zo zaure

Mu koma kan mutanen nan uku. Wakilin da ya zo neman fili da littafin biliyoyi, abin da za a fara tambayarsa shi ne sunan kamfanin da zai sa hannu a takarda, harafi da harafi, da lambar rajistarsa. Malami yana iya duba sunan da lambar a shafin intanet na Hukumar Rajistar Kamfanoni kafin a tashi daga zama. In sunan da ke kan littafin ya bambanta da wanda ke kan takardar alkawari, ko da kalma ɗaya ce, kamfani biyu ne. Sai a nemi littafin wanda zai sa hannu, wanda odita ya duba ya sa wa hannu. Sau da yawa za a tarar 'yar sabuwa ce, jarinta kaɗan, ginin da injin kuma da rancen uwa aka yi su. Wannan ba laifi ba ne, haka a ke kafa yawancin sababbin ayyuka. Amma alkawarin gina makaranta ko ɗaukar 'yan gari aiki nauyinsa daidai ya ke da ƙarfin wanda ya ɗauka. Idan ana so ƙarfin uwa ya tsaya wa alkawarin, sai uwa ta rubuta takardar lamuni da sunanta, daraktocinta su sa hannu. Takardar da ta ce uwa tana sane da aikin kuma tana yi masa fatan alheri ba lamuni ba ce.

Manoman da suka ba da shanshera bashi, wanda sunansa ke kan rasit shi su ke bi. Ko uwa tana da biliyan ɗari a banki, ba su da hanya zuwa gare ta sai da lamuni. Ya kamata su sani kuma, in 'yar ta karye, bankin da ya riƙe jinginar gini da inji yana gabansu, kuma uwa kanta tana iya shigowa layi a matsayin mai bin bashi saboda rancen da ta ba 'yarta, rancen da ba ya fitowa a haɗaɗɗen lissafi sam. Hakimi zai taimaki talakawansa ƙwarai idan ya sa shugabannin ƙungiyoyin manoma da na masu amfani da ruwa su yi waɗannan tambayoyi tun kafin a ɗora buhu a mota.

Magada kuwa, abin da mamaci ya bari hannun jari ne, shi zai shiga rabo. Injin da ginin da shinkafar sito na kamfani ne, ko da mamacin shi ke da kashi 60, ko da shi ya aza tubalin farko da hannunsa. Wajen ƙiyasta darajar abin da ya bari, idan kamfaninsa uwa ce mai 'ya'ya, sai malami ya ɗauki layin masu uwa, ya bar na marasa iko, sa'an nan ya nuna wa alƙali nawa ne kuɗin suna a ciki domin a san abin da ke da jiki da abin da ba shi da shi. A lura kuma da abin da rabo zai haifar. Kashi 60 da ke hannun mutum ɗaya iko ne. In an raba shi tsakanin magada goma, babu mai iko a cikinsu, mai kashi 40 na jiya shi ya zama babba a taro, sai fa in magadan sun rubuta yarjejeniya za su riƙa jefa ƙuri'a tare, ko su wakilta ɗaya daga cikinsu da takarda.